Me Ya Sa Maganin Bara Ya Ƙi Ci Bana?

Mai gida, sau da yawa mutum ya kan zo ɗakin shan magani ya ce mini, "Malam, kafson da ya warkad da yarona bara, bana ya ƙi ci." Wani ya ce jabu aka sayar masa. Mai yiwuwa ne, amma wani lokaci ƙwayar cutar ce ta sami makami.

Ga yadda abin ya ke. Wani Bature, Alexander Fleming, ya gano fenisilin a Landan cikin 1928. Ƙarfin maganin nan yana cikin wani ɗan zobe ne a jikinsa, wanda ido ba ya gani. Da shi ya ke hana ƙwayar cuta gina bangon jikinta, sai ta fashe. To, tun 1940 masana biyu a Ingila, Abraham da Chain, suka lura waɗansu ƙwayoyin suna fid da wani sinadari mai datse zoben nan kamar almakashi. Sunansa beta-laktames. Da zobe ya datse, magani ya zama gari kurum.

Masana ba su zauna ba. Ma'aikatan kamfanin Beecham suka samo wani sinadari, kilabulanik asid, daga wata ƙaramar halitta ta cikin ƙasa. Shi kaɗai ba ya kashe cuta sosai. Amma ya yi kama da fenisilin, sai almakashin ya kai masa cizo ya maƙale, kamar kifi ya haɗiyi ƙugiya. Sa'an nan maganin gaske, watau amoksisilin, ya wuce ya yi aikinsa. Haɗin nan shi ne Augmentin, wanda ya fito cikin 1981.

Ita ma cuta ba ta zauna ba. Cikin 2015 aka fara aiki da abibaktam, wanda aka ƙera a ɗakin bincike don toshe waɗansu sababbin almakasai, amma akwai wani, NDM-1, da ya gagare su duka biyu. Ƙera magani kan ci shekaru, ƙwayar cuta kuwa tana iya rabuwa biyu cikin minti 20.

Abin da ke taimakonta shi ne kafso biyu da ka saya a faifan ɗan kasuwa, ko ragowar na maƙwabci. Raunana su mutu, masu almakashi su hayayyafa. Ka sani kuma, maganin nan ba ya taɓa mura ko zazzaɓin sauro.

In an ba ka shi, ka sha da abinci, a kan lokaci, iyakar kwanakin da aka faɗa maka. In an kwana uku ba sauƙi, ka komo da mara lafiya, ka riƙo kwalin.