Haƙƙin Kare Mai Ciwo a Kan Mai Shi

Da wuya a sami gari ko ƙauye a ƙasar Hausa da babu kare a cikinsa. Yana gaban garken makiyayi, yana bayan mafarauci idan an kawar da amfanin gona an shiga daji, yana kuma kwance a ƙofar gareji ko bakin lambu yana gadi. Da dare muna barci da ƙarfin haushinsa. Amma ranar da ya wayi gari yana ɗingishi, ko ya laɓe bayan rumbu ya ƙi cin abinci, abin da aka fi ji daga bakinmu shi ne: "Ai kare ne, zai lashe abinsa ya warke." Wasu kuma suna ganin taɓa shi ma kansa saɓo ne. Daga nan sai a bar dabbar da ta yi shekaru tana hidima ta ƙare a wulaƙance, mai ita kuwa yana zaton tsantseni ya yi.

Shari'a ba ta bar wannan fage babu bayani ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) labarin mutumin da ƙishirwa ta kama a hanya, ya shiga rijiya ya sha, da ya fito sai ya tarar da kare yana lallage harshe yana lasar danshin ƙasa. Ya koma rijiyar ya cika huffinsa, ya riƙe shi da baki ya hauro, ya shayar da karen, Allah Ya gafarta masa. Da Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Manzon Allah (SAW) ya tabbatar musu cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Abin lura a labarin shi ne, mutumin ya fara ne da ganewa. Ya dubi halin karen, ya auna shi da abin da shi kansa ya ji ɗazu, sannan ya taimaka. Kare ba shi da bakin faɗar inda ke masa ciwo, don haka rabin aikin yana ga idon mai shi.

Gaskiya ne hadisai sun nuna ladan mutum yana raguwa kullum idan ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, kuma malamai sun yi saɓani a kan karen gadin gida. Masu sharhin Risala suna kawo cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani da kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki zai ajiye. Ko ma wane ra'ayi mutum ya ɗauka, da zarar dabba ta shiga hannunsa, cinta da shanta da jinyarta sun hau kansa. Izzuddin Ibn Abdissalam, wanda ya rasu a shekara ta 660 bayan Hijira, ya lissafa a Ƙawa'idul Ahkam cewa ciyar da dabba yana kan mai ita ko da ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a ƙara amfana da ita. Game da taɓawa kuwa, a mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, kare mai rai tsarkakakke ne har da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuma bauta ce. Shafi'iyya suna ganinsa najasa, amma ko a wurinsu najasa wankewa ake yi, ba ta hana jinya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya sa safar hannu ta roba, wadda dama likitoci ke so a sa.

To, ta yaya ake gane ciwon? Kare yana da ɗabi'ar ɓoye rauninsa, shi ya sa jiran kukansa kuskure ne; sau da yawa ba ya kuka sai abin ya yi nisa. Canjin hali ne ke fara bayyana. Karen da ya saba tarbarka da kaɗa wutsiya sai ka ga ya maƙale ta tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, ya nemi lungu. Mai sanyin hali sai ya fara gurnani idan an kusanci wani sashe na jikinsa. Haki ba tare da gudu ko zafin rana ba, karkarwa, yawan sauya wurin kwanciya, da lasar wuri guda har gashin ya zube, duk saƙo ne. Idan ya gantsare baya, ko ya kwantar da ƙirji a ƙasa ya bar ƙugu a sama yana maimaitawa, a yi zargin ciwon ciki. Idan yana sha'awar abinci amma yana zubar da shi, ko yana tauna ta gefe ɗaya, a duba haƙori ko ƙashin da ya maƙale. Tsohon kare da ke shan wahalar tashi da safe, musamman da hunturu, amma ya ɗan sake bayan ya taka, yawanci gaɓoɓinsa ne suka gaji. A ɗaga leɓensa a dubi dasashi: na lafiyayye ja-ja ne mai danshi, idan ya yi fari fat to jini ya yi ƙasa, kuma kaska da tsutsar ciki ne kan gaba wajen jawo hakan a yankinmu.

Kafin a taɓa shi, a tuna cewa raɗaɗi yana sa kare ya ciji ko da mai shi ne. A yi masa takunkumi da tsumma mai laushi, sai fa idan yana amai ko numfashi na yi masa wuya, a kuma nisantar da yara.

Abin da za a iya yi a gida ya fi yadda muke zato sauƙi. Mafi yawan ɗingishi daga tafin ƙafa yake: ƙaya, ƙarangiya tsakanin yatsu, fasasshiyar kwalba, ko ƙunar rairayi da kwalta a watannin Maris da Afrilu. A cire abin da ya soke shi, a wanke da ruwan gishiri, wato cokalin shayi ɗaya a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. Tafin da ya tsage saboda hunturu ana shafa masa man kaɗanya. Sabon targaɗe ko kumburi sanyi yake so a kwana biyun farko: ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, a ɗora kamar minti 10, sau biyu ko uku a rana. Tsohon ciwon gaɓoɓi kuma ɗumi yake so, sai a gasa da tsumman da aka tsoma a ruwan ɗumi, bayan mutum ya gwada zafinsa a fatar hannunsa. A haɗa da hutu, shimfiɗar buhu ko tsohon bargo maimakon siminti, da inuwa da ruwa mai tsabta a kusa. Karen da aka ɗaure da gajeriyar sarƙa a rana tun hantsi har la'asar, babu maganin da zai yi masa aiki kafin a kwance shi.

Zuma, wadda aya ta 69 a Suratun Nahl ta ambaci warakar da ke cikinta ga mutane, likitocin dabbobi ma suna amfani da ita a kan miki, domin tana janye ruwa daga rauni tana kuma hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Sharaɗin shi ne a wanke mikin tukuna, zumar ta zama tsantsa ba ta sukari ba, a rufe da ƙyalle mai tsabta a riƙa canzawa kullum, in ba haka ba karen zai lashe ta ƙudaje su gaji wurin. Ga ciwon gaɓoɓi, man kifi yana rage kumburi idan aka jure ba shi na makonni, rage ƙiba kuma ya fi kowane haɗi tasiri ga karen da ya yi nauyi. Kurkum ana yawan yabonsa, amma jiki ba ya tsotse shi sosai, kada a dogara da shi.

Inda muka fi yin ɓarna shi ne wajen da muke zaton taimako muke yi. Abin da ke magani ga ɗan Adam yana iya zama guba ga kare. Tafarnuwa da albasa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa. Inabi da zabibi suna iya kashe masa ƙoda, cakulan ma guba ne gare shi. Ibuprofen da Diclofenac da muke saya a kemis suna huda cikinsa su lalata ƙoda, Paracetamol kuwa likita ne kaɗai zai auna masa, domin idan ya zarce yana cin hanta, kyanwa kam kashe ta yake yi. Shafa baƙin mai ko kalanzir a kan ƙazuwa yana ƙona fata, karen kuma ya lashe ya haɗiye. Wanke shi da fiya-fiya don kashe kaska ya sha tafiya da kaskar da karen gaba ɗaya. Haka ɗura masa manja da ƙarfi idan ana zaton ya ci guba: man yana iya sauka huhu. Sai kuma al'adar yanke kunnuwa da wuƙa ko yin lalas da ƙarfe mai zafi. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana dukan dabba a fuska da yi mata lalas a fuska, har ya la'anci wanda ya yi wa wani jaki haka.

Akwai iyakar da maganin gida ke tsayawa. Ƙafar da ke lilo ko ba ta taɓa ƙasa sam, cikin da ya kumbura ya yi tauri yana yunƙurin aman da ba ya fitowa, jini a kashi ko fitsari, saran maciji, ƙin abinci fiye da kwana biyu, ko zafin jikin da ya haura digiri 39.5, waɗannan na likitan dabbobi ne a ranar. Jihohinmu suna da asibitocin dabbobi na gwamnati, akwai kuma na koyarwa a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya da Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Alama ɗaya ce ba a jinyarta da hannu ko kaɗan. Idan kare ya canza hali kwatsam, yana dalalar da yawu, muryar haushinsa ta sauya, yana cizon itace da dutse, ko muƙamuƙinsa ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, kada kowa ya sa hannu a bakinsa. A kulle shi, a kira jami'an dabbobi. Cutar haukan kare tana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamominta sun bayyana ga mutum, kusan babu mai tsira. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allura, kada ya tsaya ga tofi ko shafe-shafe. Karen kansa ana yi masa allurar rigakafi tun yana wata uku, a sabunta duk shekara, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan allura a cikin gida.