Yarinya ɗaya ta mutu, mutum biyar na cin abinci: alhakin a kan wa?

Mai karatu, ɗauka ana walimar baikon 'yarka, an ci an ƙoshi, sai ga sufeton 'yan sanda a bakin ƙofa. Ya ce wata yarinya ta sha guba ta mutu a asibiti, kuma yana da tambaya ga kowa a ɗakin. Daga nan wasan daɓe mai suna "An Inspector Calls" ya ɗauki zafi. Marubucin Ingila J.B. Priestley ne ya rubuta shi, aka fara nuna shi a Tarayyar Sobiyet a 1945, sannan a Landan a 1946, amma labarin ya faru ne a dare ɗaya cikin watan Afrilun 1912.

Maigidan, Arthur Birling, attajiri ne mai masana'anta. Yarinyar, Eva Smith, ta yi masa aiki. Ita da 'yan uwanta ma'aikata suka nemi a ƙara musu albashin mako daga sule 22 da sisi zuwa sule 25. Saboda sule biyu da sisi ya kore ta. Ta samu aiki a kantin tufafi, sai 'yarsa Sheila ta sa aka sallame ta, don kawai ta ga rigar da ta gwada ta fi dacewa da Eva. Saurayin Sheila, Gerald, ya ajiye ta a matsayin daduro na wasu watanni, da ya gaji ya rabu da ita. Eric, ɗan gidan, mashayi, ya yi mata ciki, ya kuma saci fam 50 a ofishin mahaifinsa yana ba ta. Da ta gane kuɗin sata ne ta daina karɓa.

Inda za ka fi jin tsikar jikinka ta tashi shi ne kan uwargidan, Sybil. Tana cikin manyan wata ƙungiyar agajin mata, wato aikinta ke nan taimakon irin su Eva. Yarinyar ta zo mata da ciki, ba ko sisi a hannunta, amma Sybil ta sa aka hana ta taimako saboda ta kira kanta da sunan Birling, abin da uwargidan ta ɗauka raini ne. A gaban sufeto ta tsaya kai da fata cewa ba ta da laifi, wanda ya yi cikin shi za a kama a tona masa asiri a bainar jama'a. Sheila na roƙonta ta yi shiru, ba ta ji ba. Ba ta san da bakinta take yanke wa ɗanta hukunci ba. Ai dama alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Lura da wani abu. In ka cire Eric, da wuya kotu ta kama wani daga cikinsu. Korar ma'aikaci, kai ƙara wurin manaja, hana sadaka, duk doka ba ta hana ba. Kowa ya ɗan tura ta taku ɗaya, ya koma harkarsa. A ganina nan ne ƙarfin wasan yake, don da ɗayansu ne ya ɗura mata gubar da sauran huɗun sun wanke hannu.

Bayan sufeto Goole ya fita, sai Gerald ya gano babu ɗan sanda mai wannan suna. Aka buga waya asibiti, aka ce babu yarinyar da ta mutu. Nan take iyayen suka ware, Birling har da dariya, domin abin da ya dame shi tun farko shi ne kada abin kunya ya hana shi lambar girma daga sarki. Sheila da Eric kuwa suka ƙi sakin jiki. Hujjarsu ita ce, ko yarinyar na raye, abin da kowa ya amsa da bakinsa ya riga ya aikata shi.

Birling na cikin yi musu ba'a sai wayar ta yi ƙara. 'Yan sanda ne: wata yarinya ta mutu yanzun nan a hanyar asibiti, kuma sufeto na nan tafe da tambayoyi. A nan aka saki labule.