ILMIN DA BA A YI MASA TILAWA: BAYANI A KAN ƘARIN KARATU GA MA'AIKATAN ƊAKIN HOTO DA MASU JINYA

Ga bayani a kan wani al'amari da ya shafi kowa, domin babu gidan da wata rana ba za a ɗauki wani nasa a kai shi asibiti ba. Maganar kuwa ita ce ta ma'aikatan ɗakin hoto da masu jinya, watau nas-nas, da dalilin da ya sa hukuma ta wajabta musu komawa karatu lokaci-lokaci, ko da sun yi furfura a cikin aikin.

FASALI A KAN ABIN DA YA AUKU

Cikin watan Yuli na shekarar 2001, a jihar Niyok ta ƙasar Amurka, aka kai wani yaro ɗan shekara 6 ɗakin hoto bayan an yi masa aiki a ka. Na'urar da aka sa shi ciki ita ce wadda ake kira Em-ar-ai, mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da laka da gaɓoɓi da ƙarfin maganaɗisu, watau mayen ƙarfe. Ana cikin aiki sai iskar numfashin da ake ba yaron ta kasa, likita ya yi kira a kawo wata. Da jin haka aka yi hanzari aka ɗauko tukunyar iska ta baƙin ƙarfe. Shigarta ɗakin ke da wuya sai na'urar ta fizge ta kamar kibiya, ta bugi kan yaron. Bayan kwana biyu rai ya yi halinsa.

Wanda ya ɗauko tukunyar nan taimako ya nufa. Abin da ya kuɓuce wa mutanen wurin sani guda ne, shi ne maganaɗisun wannan na'ura ba ya barci. Ko ana ɗaukar hoto ko ba a yi, ko an ɗauke wutar lantarki, yana nan da ƙarfinsa dare da rana, ƙarfin kuwa a galibin na'urorin ya ninka na maganaɗisun ƙasa wajen sau 30,000. Saboda wannan hatsari ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2002, ta kasa wurin kashi huɗu, tun daga inda kowa ke iya tsayawa har zuwa ɗakin da ba mai shiga sai an bincike shi.

Amma duk da haka abin bai yanke ba. A watan Janairu na 2018, a birnin Mumbai na ƙasar Indiya, wani mutum ya raka 'yar'uwarsa mara lafiya, ya shiga irin wannan ɗaki riƙe da tukunyar iska, ya halaka. A watan Yuli na 2025 kuma, a jihar Niyok ɗin dai, wani dattijo ya shiga taimakon matarsa da wata sarƙa mai nauyi a wuyansa, na'ura ta ja shi, kashegari ya rasu. Ƙa'ida tana nan a rubuce, amma ƙa'idar da ba a maimaita wa mutane ita tana nan kamar allon da aka jingine a zaure.

FASALI A KAN ASALIN HOTON ASIBITI

Wani masani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, shi ya gano hasken nan mai ratsa nama ya nuna ƙashi, wanda ake kira eksire, ran 8 ga Nuwamba 1895, a garin Würzburg. Cikin makonni kaɗan ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa da zobe suka fito sarai. Duniya ta yi murna, likitoci suka rungumi abin, alhali ba su san yana da dafi ba. Suna gwada shi da hannuwansu kullum, har fata ta ƙone, yatsu suka rube. Clarence Dally, mai taimakon Thomas Edison a Amurka, sai da aka yanke masa hannu biyu, sa'an nan ya mutu a 1904. A 1936 aka kafa wani dutse a birnin Hambug, aka zana sunayen likitoci da masu jinya da ma'aikata fiye da ɗari na ƙasashe dabam-dabam waɗanda wannan haske ya yi ajalinsu.

Tun 1928 masana suka taru a birnin Istokhom suka kafa kwamitin duniya na tsara iyakar abin da jiki zai ɗauka. Duk da haka har cikin shekarun 1950 akwai kantunan takalma a Ingila da Amurka masu ajiye akwatin eksire, yaro ya zura ƙafa a duba ko takalmi ya yi masa daidai. Abin da ake yi jiya don jawo ciniki, yau laifi ne a gaban doka.

FASALI A KAN ILMIN DA KE SAUYAWA

Alaramma ya sani, wanda ya haddace ya bar tilawa, sannu-sannu haddar takan zube. To, na ma'aikacin asibiti ya fi wannan wuya ta fuska guda: matanin malami ba ya canzawa, amma littafin ma'aikacin asibiti kullum cikin gyara yake. Ga misali biyu.

Na farko, a da iyakar hasken da aka yarda ya sami idon ma'aikaci a shekara awo 150 ne, da ma'aunin da ake kira milisibat. Da bincike ya nuna yanar ido tana kama mutum da abin da bai kai yadda ake zato ba, sai kwamitin nan na duniya ya rage iyakar zuwa 20 a 2011. Na biyu, shekaru da yawa ana koya wa ɗalibai su ɗora faifan dalma a marar wanda za a ɗauka hoto. A 2019 ƙungiyar masana awon haske ta Amurka ta ba da shawara a daina, a 2020 ta Ingila ta bi sahu. Dalili kuwa, na'urorin yanzu ɗan haske kaɗan suke saki, faifan kuma yakan rufe wurin da ake nema har a sake hoto, ko ya ruɗi na'ura ta ƙara ƙarfi. Wanda ya gama makaranta a 1995 bai sake zama gaban malami ba, yana nan yana aiki da hukuncin da aka shafe, shi kuwa yana ganin daidai yake yi.

FASALI A KAN ABIN DA AKE KOYARWA

Abu na farko shi ne tabbatar da mai shi. A ƙasar Hausa ɗaki guda yakan tara Muhammadu uku da A'isha huɗu, wani lokaci har sunan uba ya zo ɗaya. Saboda haka ake hore wa ma'aikaci kada ya wadatu da suna, sai ya haɗa da shaida ta biyu, kamar lambar kati ko ranar haihuwa, ya kuma bar majinyaci ya faɗi sunansa da bakinsa. Haka nan tilas ya sa alamar dama ko hagu a jikin hoto, domin hoton da aka juya yana iya sa a yanka lafiyayyen gefe.

Na biyu, tambayar juna biyu. Ɗan tayi ya fi babba saurin cutuwa da wannan haske, don haka duk macen da ke cikin shekarun haihuwa sai an tambaye ta kafin a ɗauki hoton ciki ko ƙugu. Sananne ne mace takan ji nauyin faɗin cikin fari, balle a gaban suruka ko miji. Ma'aikacin da ya sami horo yakan sa mace 'yar'uwarta ta ja ta gefe ta tambaye ta a asirce.

Na uku, awo. Kowane mutum yana samun wajen milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da sararin sama, ba tare da ya je asibiti ba. Hoton ƙirji guda wajen 0.1 ne, watau kamar rabon mako biyu. Amma hoton ciki da babbar na'urar nan mai suna Siti yakan kai 8 zuwa 10, kamar rabon shekara uku ko huɗu. Don haka ƙa'ida ita ce kada a ɗauki hoto sai amfaninsa ya rinjayi cutarsa, in za a ɗauka kuwa a yi da mafi ƙarancin hasken da zai biya bukata, kuma kada a auna wa yaro da mudun babba.

Na huɗu, tsaron kai. Ana koya musu abu uku: gajarta lokaci, da nisanta, da shamaki. Wanda ya ninka nisansa daga tushen hasken sau biyu, abin da zai same shi ya koma rubu'i. Rigar dalma kuwa ba a naɗe ta kamar tabarma, domin takan tsage daga ciki ido bai gani ba. Rataye ta ake yi, a riƙa duba ta. Kowane ma'aikaci kuma yana maƙala ɗan ma'auni a ƙirjinsa, wanda ake karantawa a ga abin da ya tara.

Na biyar ya fi shafar masu jinya, shi ne ruwan rinin da ake ɗurawa a jijiya don hoto ya fito fes. Yawancinsa da aidin ake yi. Kafin a ba mutum sai an tambayi lafiyar ƙodarsa, da magungunan da yake sha, musamman na ciwon sukari, da ko ya taɓa kumbura ko shaƙewa da irinsa. Waɗansu 'yan kaɗan jikinsu yakan ƙi shi nan take, numfashi ya sarƙe cikin mintoci. A wannan hali babu lokacin buɗe littafi. Shi ya sa ake yin gwaji da mutum-mutumi, a maimaita har hannu ya saba, kowa ya san inda allurar ceto take da wanda zai ɗauko ta.

Na shida, miƙa aiki da faɗin kuskure. Ɓarna da yawa tana faruwa ne a tsakanin hannu biyu, sa'ad da mai aikin dare ya tashi na safe ya karɓa, ko aka tura majinyaci daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin hoto ba da cikakken bayani ba. Ana kuma koya musu wanda ya yi kuskure, ko ya kusa yi, ya faɗa a rubuta, shugabanni su bi sawun dalili su gyara. Inda ake wulakanta mai faɗin gaskiya, kowa zai binne nasa, ramin kuwa ya zauna a buɗe har wani ya faɗa.

FASALI A KAN HUKUMA

Jarraba masu magani daɗaɗɗen abu ne. Masu tarihi sun ruwaito a shekara ta 319 bayan Hijira, daidai da 931, wani mutum ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani. Halifa Muƙtadir ya ba da umurni kada kowa ya sake taɓa mara lafiya sai babban likita Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba shi ya ba shi takarda. Waɗanda aka jarraba sun haura 860.

A Nijeriya akwai Majalisar Masu Jinya da Ungozoma, wadda dokar 1979 ta tsayar, ita kuwa ba ta sabunta wa nas lasin sai ya nuna shaidar ƙarin karatu. Akwai Hukumar Rajistar Ma'aikatan Hoto, ta dokar 1987, mai riƙe da sunayen waɗanda suka cancanci aikin. Akwai kuma Hukumar Kula da Al'amuran Nukiliya, wadda aka yi dokarta a 1995 ta fara aiki a 2001, ita ke ba da izinin ajiye na'urorin eksire. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cikin kowane majinyata 10 guda yakan cutu a wurin neman magani, fiye da rabin cutarwar kuwa abin da za a iya kaucewa ne. Domin haka a 2019 aka keɓe ran 17 ga Satumba ta zama ranar tunawa da tsaron majinyaci kowace shekara.

Sai dai akwai gyara. Kwas ɗin da mutum zai je ya sa hannu ya karɓi takarda ya dawo, bai ƙara wa kowa lafiya ba. Asibitin ƙauye mai nas ɗaya ko biyu, in ɗaya ya tafi karatu wa zai tsaya? Hakkin masu mulki ne da masu asibitoci su ba da lokaci da guzuri da madadi. Kuma kada a manta da masinja da mai shara da mai tura keke da mai gadi, gama su ma suna kai da kawowa a bakin ƙofar nan.

FASALI A KAN RABON MAJINYACI

Mai zuwa hoto shi ma yana da nasa. In an ce ya cire ƙarfe, ya cire duka: agogo, zobe, makulli, tsabar kuɗi, wayar hannu, wuƙa, allurar ɗaurin lulluɓi, da laya ko guru ko kambu, domin sau da yawa akwai ƙarfe a ɗinke ciki. Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙashi, ko na'urar bugun zuciya, ko yake da harsashi ko ɓarɓashin ƙarfe a jiki, musamman maƙera da masu walda, lalle ya faɗa tun ba a tambaye shi ba. Ɗan rakiya ya tsaya inda aka tsayar da shi. Tsofaffin hotuna a adana su kamar takardar gona, a riƙa zuwa da su, don kada a maimaita abin da an riga an yi.

Attajirin da ya yi niyyar sayen na'ura ya ba asibitin garinsu, ya yi kyau, amma ya ware wani kaso na horon waɗanda za su riƙe ta. Kada kuma wannan bayani ya sa wani ya guji hoton da likita ya umurta, domin cutar da ba a gano ba ta fi hoton hatsari nesa ba kusa ba, hoton sikanin na masu ciki ma da sauti yake aiki, babu wannan haske a cikinsa. Wanda bai gane abin da za a yi masa ba ya yi tambaya cikin ladabi, ma'aikaci kuma ya amsa da haƙuri, gama matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya yi wa masu jinyarsu jagora. Haza wasalam.