Ƙaiƙayin Fata A Lokacin Kaka: Yadda Ake Aiki Da Man Likita

Sussuka da shiƙa sun kankama, hunturu kuma ya soma busawa. A wannan lokaci ne fatar manomi ke shan wahala. Ƙaiƙayin gero da na dawa ya shiga wuya da hammata, ya haɗu da gumi. Mai lambu a fadama kuwa, wanda ke wuni hannunsa cikin ruwa da takin zamani da maganin feshi, sai ya ga bayan hannunsa ya yi duhu, ya kumbura, yana sāɓa, wani lokaci har da 'yan ƙuraje masu ruwa. Da dare ya yi ta susa, barci ya gagara.

Akwai man shafawa da likitoci ke bayarwa domin wannan, sunansa sitiroyid. Asalinsa wani abu ne da jikin mutum da kansa ke yi a bisa ƙoda. A shekarar 1952 ne likitoci biyu a birnin Niyok na Amurka suka nuna cewa in an shafa shi a fata yana kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Amma fa iyakar aikinsa ke nan. Yana kwantar da borin fata, ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya.

Ba duka ƙarfinsu ɗaya ba. Haidirokotizon mai kashi 1 cikin 100 shi ne mai sauƙi. Betametazon ya fi shi ƙarfi, kilobetazol kuwa ya fi su duka, shi kam sai da umurnin likita. Fuska da wuya da matsematsi da jikin jariri fatarsu ba ta da kauri, saboda haka mai sauƙin kaɗai ya dace da su, shi ma na 'yan kwanaki. Tafin hannun manomi mai kanta, shi ne ke bukatar mai ƙarfi.

Ga ma'auni. A matso man a bisa ɗan ali, daga kan yatsa zuwa gaɓa ta fari. Wannan kamar rabin giram ne, ya isa shafe wuri mai fāɗin tafin hannu biyu na babban mutum. A wanke wurin tukuna, a bari ya bushe, sa'an nan a shafa sama-sama inda ciwon yake kaɗai, sau 1 ko sau 2 a yini. Yawan laftawa ba ya gaggauta warkewa, sai dai ya ƙarar da kuɗi. Galibi cikin kwana 7 zuwa 14 wurin yakan kwanta. In bai kwanta ba, a koma wurin malamin asibiti, kada a sayo wani a ci gaba.

To, ga inda mutane ke cutuwa. Makero da kyasbi da ƙazwa duk suna sa ƙaiƙayi, amma su ƙwayoyin cuta ne ke kawo su. Wanda ya shafa wannan mai a bisa makero zai ji daɗi kwana biyu, gama susar ta tsaya, alhali cutar tana ƙara fāɗi, har kamanninta su sāke, likita ma ya sha wuyar gane ta. A kasuwa akan ji ana kiran kyasbi da sunan Turanci na borin fata, sai mai tebur ya miƙo mai ƙarfin nan, watau irin wanda ake gauraya magani uku a ciki. Kyasbi yana da maganinsa dabam. Haka kuma miki mai mugunya, ba a sa masa. Tabo kuwa mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, in an taɓa shi ba a ji, wannan a kai shi asibiti maza, domin yana iya zama farkon kuturta, ita kuwa tana warkewa sarai in an fara magani da wuri.

Wanda ya daɗe yana shafa mai ƙarfi wata da watanni, kamar masu neman farin fata, fatarsa takan zama siririya, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Ran da ya daina kuma fuskar ta ɗauki zafi.

Man likita ba zai yi amfani ba muddin abin da ya ta da fatar yana taɓa ta kullum. Mai watsa taki ya sa safar hannu ta roba, ko ya ɗiba da gwangwani. Mai shiƙa ya juya wa iska baya, ya wanke jiki da zarar ya tashi, ba da sabulu mai kaifi ba, ya kuma sāke riga. Man kaɗanya ko basilin a shafa shi safe da yamma a dukan hunturu, ko bayan ciwon ya warke, gama busasshiyar fata ita ce ke fara tsagewa. In za a shafa su biyun, a bar kamar rabin sa'a tsakaninsu.