Shin Sambusa Fanke Ce? Musun Raha da Iyakar Ma'ana

Akwai wani musu da matasan Amurka da Turai suke yi don raha: idan an cusa nama ko cuku cikin kwaɓaɓɓen gari aka rufe bakinsa, me ya zama? Wasu sukan ce duk abin da aka rufe ta kowane ɓangare dangin rabiyoli ne, wato taliyar Italiya mai haɗi a ciki, ko da soya shi aka yi. Wasu kuma su ce sai wanda aka dafa a ruwa. Mai karatu zai iya ɗaukar wannan a matsayin zancen rashin aikin yi, amma ga ɗalibin ilimin ma'ana tambaya ce babba: da wane ma'auni harshe yake jera abubuwa rukuni-rukuni?

Mu dawo da musun gida, ƙasar Arewa. A tashar Dogon Dutsi, bisa babbar hanyar da ta taso daga Dosso zuwa Birnin Ƙonni, ko a kasuwar Tibiri, matafiyi zai iske ƙosai da masa da fanke da hura, yadda Arewanci yake furta fura. Kowane daga cikinsu yana da mazauni a harshe. A ajiye sambusa kusa da su, a tambayi mai saye danginta. Wani zai ce fanke ce, tunda fulawa ce aka soya a mai. Wani zai ce sam, ai fanke ba ya ɓoye nama. Dukansu biyu suna da hujja.

Dalilin saɓanin shi ne Hausa ba ta cika rarraba abinci bisa siffarsa ba. Ta fi dubawa ga aikin hannun mai girki, wato ga aikatau. Tuwo abin tuƙawa ne, ko na gero ne ko na dawa ko na shinkafa. Kunu da hura abin damawa ne. Dambu turarawa ake yi, ƙosai da masa toyawa, gurasa gasawa. Ma'auni na biyu shi ne na baki: ana cin tuwo, ana shan hura, har mangwaro da rake ma sha ake yi duk da ana sa musu haƙori. A wannan tsari babu gurbin da ke tambayar ko abinci yana da ciki da waje. Tambayar da musun rabiyoli ya dogara a kanta ba ta cikin tambayoyin da Hausa ta saba yi wa abinci.

Sambusa kuwa baƙuwa ce mai dogon tarihi. Sunanta ya samo asali daga Farisanci, ya shiga Larabci da harsunan Indiya. Tun a ƙarni na 14 Ibn Battuta ya siffanta ta a teburin sarkin Delhi: niƙaƙƙen nama da albasa da kayan ƙamshi cikin siririn kwaɓi, an soya a man shanu. Da ta iso ƙasar Hausa sai ta zo da sunanta, kuma aron kalmar ya ɗauke mana wahalar nema mata dangi.

Wahalar takan bayyana ne idan aka nemi suna guda da zai tattara sambusa da rabiyoli da mitfai na Najeriya. Idan aka ce "fanke mai ciki", an tafi ga juna biyu. Idan aka kira haɗin "kayan ciki", mahauci zai miƙo hanji da tumbi. "Ƙunshi" ya riga ya zama na lalle, "ɗura" kuma ta jarirai ce. Kusan kowace kalma da ta dace tana da mai ita.

Masana sun daɗe da lura cewa iyakokin rukuni ba katanga ba ne. A littafinsa da ya fito a 1953, Ludwig Wittgenstein ya kwatanta membobin rukuni da 'yan gida ɗaya, waɗanda suke kama da juna ba tare da sun haɗu a kan siffa guda ba. A 1973 William Labov ya nuna wa mutane zanen kofuna masu bambancin faɗi, sai ya ga abin da aka kira kofi idan an ɗauka shayi ko kofi ne a ciki yana iya komawa kwano idan an ce abinci ne. A shekarun 1970 Eleanor Rosch ta nuna cewa kowane rukuni yana da zakaran misali a tsakiya, sauran suna nisa ko kusa da shi. Ta wannan fuska fanke yana tsakiyar dangin suya, sambusa tana bakin iyaka, kuma a bakin iyaka ake musu.

Irin wannan musu yakan kai gaban alƙali. A 1991 wata kotun haraji a Birtaniya ta yanke cewa Jaffa Cakes kek ne, ba biskit ba, hukuncin da ya kuɓutar da shi daga haraji. Cikin hujjojin har da cewa kek taurarewa yake yi idan ya kwana biyu, biskit kuwa laushi. A 2006 wani alƙali a jihar Masacuset ta Amurka ya yanke cewa burito ba sanwic ba ne, a shari'ar da ta shafi yarjejeniyar hayar shago.

A gare mu abin ya fi kusa da haka. Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a 2025, aikin ƙamus da littattafan makaranta ya ƙara nauyi. Mai rubuta ƙamus dole ya fara bayanin sambusa da kalmar dangi, kuma idan ya kwafo rabe-raben Faransanci zai koya wa yaron Tibiri tsarin da uwarsa ba ta girki da shi. Hanyar da ta fi aminci ita ce a tambayi masu suya da kansu, a ji aikataun da suke amfani da shi wajen rufe bakin kwaɓin, ko naɗewa ne ko ninkewa ko cusawa, sannan a gina bayanin a kansa.