Tseren Zamiya a Kan Ƙanƙara: Yadda Kakar Gasa Take Tafiya

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, lokacin da sanyi ya kankama a Turai da Arewacin Amurka da gabashin Asiya, 'yan tseren zamiya a kan ƙanƙara ba sa zama wuri ɗaya. Mako guda suna Japan, wani makon suna Norwe, kafin wata ya zagayo sun sauka Kanada. Hukumar da ke shirya musu wannan yawo ita ce ISU, wadda aka kafa tun 1892, hedikwatarta kuma tana birnin Lausanne na Suwizalan. Gasar Kofin Duniya ta wannan wasa ta fara ne a kakar 1985/86.

Filin zagaye ne mai tsawon mita 400, daidai da na guje-guje, sai dai daɓensa ƙanƙara ce da injuna ke daskarar da ita daga ƙasa. A yawancin tsere, mutum biyu kacal ake saki a lokaci guda, ɗaya a layin ciki, ɗaya a layin waje, kuma a kowane zagaye dole su yi musayar layi don kada wani ya ci bulus. Wanda yake gefenka ba shi ne ainihin abokin karawarka ba. Kana iya barinsa a baya da nisa, amma ka ƙare na goma sha biyar, domin lokacin kowa ake rubutawa a jera bayan an gama. Ana tseren mita 500 da 1,000 da 1,500, sannan masu dogon numfashi su yi 3,000 da 5,000, maza har 10,000, wato zagaye 25. Kuskuren layi ba shi da gafara. A gasar Olamfik ta Vancouver a 2010, Sven Kramer na Holan ya fi kowa sauri a mita 10,000, amma aka soke nasararsa saboda kocinsa ya nuna masa layin da ba nasa ba.

Mu ɗauki kakar 2023/24. An buɗe ta a Obihiro ta Japan a Nuwamba, aka wuce Beijin, daga nan Stavanger ta Norwe da Tomaszów Mazowiecki ta Polan. Bayan sabuwar shekara aka tsallaka Salt Lake City a Amurka, aka rufe Kofin Duniya a Quebec ta Kanada. A kowane zango ana tara maki, wanda ya fi tarawa a nisan da yake tsere shi ke ɗaukar kofin. Akwai rukunin manya da rukuni na biyu, mai ƙoƙari ya hau, mai sanyin jiki ya sauko.

Abin da mai kallo sabon shiga kan kasa ganewa shi ne, lokacin da aka yi a wani fili ba a auna shi da na wani. Filin Salt Lake City yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,400 daga saman teku, na Calgary a Kanada kuma ya ɗan haura 1,000. Iskar can ba ta da kauri, don haka ba ta tokare ƙirjin mai gudu kamar ta bakin teku. Ga wanda ke keta iska da gudun da ya kai kilomita 60 a awa, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Shi ya sa kusan duk bajintar tarihi a filayen nan biyu ake kafa ta. A Salt Lake City ne Pavel Kulizhnikov na Rasha ya yi mita 500 cikin daƙiƙa 33.61 a 2019. Filin Thialf da ke Heerenveen a Holan kuwa yana ƙasa-ƙasa, amma babu inda ya kai shi cikar 'yan kallo, sanye da tufafi ruwan lemo, ga 'yan badujala suna busa.

Kakar ta 2023/24 ta wani matashi ce daga jihar Wisconsin, Jordan Stolz, wanda aka haifa a 2004. A Janairun 2024 ya kafa sabon tarihi a mita 1,000 da minti 1 da daƙiƙa 5.37. A Fabrairu, a gasar zakarun duniya ta Calgary, ya lashe 500 da 1,000 da 1,500, kamar yadda ya yi a Heerenveen shekara ɗaya kafin nan. Abin da ya fi ba ni mamaki ya zo a Maris, a Inzell ta Jamus, a gasar da ake haɗa makin tsere huɗu daga 500 har 10,000. An saba mai gudun gajeren zango ya sare idan tafiya ta miƙa. Stolz ya ci gasar, ya bar Patrick Roest na Holan a matsayi na biyu. Masu dogon tunani suka tuno Eric Heiden, shi ma ɗan Wisconsin, wanda ya kwashe zinare biyar a gasar Olamfik ta Lake Placid a 1980.

Takalmin ma yana da nasa labarin. A ƙarƙashinsa akwai siririn ƙarfe mai kaurin kusan milimita ɗaya, tsawonsa ya zarce tafin ƙafa. A da a manne yake gaba da baya. Masana a Amsterdam suka ƙera wanda aka ɗaure ta gaba kaɗai, diddige ya ɗaga kamar na mai silifa, ƙarfen kuma ya ci gaba da tura ƙanƙara kafin ya dawo ya buga ƙwas. Da aka rungume shi a kakar 1996/97, tsoffin bajintoci suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Holan ce uwa a wannan wasa, ta kwashi lambobi 23 cikin 36 a gasar Olamfik ta Sochi a 2014. Amma ba sai ɗan ƙasar sanyi ba. Erin Jackson ta tashi a Florida mai zafi, ta koyi gudu da takalmi mai tayoyi, kuma a Beijin a 2022 ta ci zinare a mita 500, ta zama baƙar mace ta farko da ta ci zinare ita kaɗai a Olamfik na hunturu.