NEMAN HAƘƘIN JINI

Duk wanda ya san gabashin ƙasar Birnin Gwari, wajen Kazage da Damari da Kuyello da Dogon Dawa, ya san mutanen nan sun sha zaman makoki cikin shekarun da suka wuce. Ɓarayi suka yi sansani a dajin Kamuku da na Kuyambana, suna tare hanya, suna faɗa wa ƙauyuka. Ran 5 ga watan Mayu, 2018, a Gwaska kaɗai an kashe mutum fiye da 40. Cikin watan Nuwamba, 2024, Gwamnatin Kaduna ta yi sulhu da waɗansu daga cikin 'yan bindigan, har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Amma fa sulhu ba ya ta da matacce, ba ya kuma ciyad da maraya.

In an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, masu gaisuwa sai su watse. Saura mace mai takaba, da yara, da gona ba mai noma. To, wanda ya yi sanadin mutuwan nan, ko ɗan fashi ne, ko direba, ko ma'aikacin gwamnati, ashe babu abin da shari'a ta ɗora masa ya biya? Akwai. Ya kuwa kamata mu da mu ke shirin fita koyarwa mu san shi, don a ƙauye malamin makaranta shi a kan kawo wa takarda ya karanta, shi a kan roƙa ya rubuta.

Sau da yawa mu kan ji dangi sun ce, "Mun bar wa Allah." Magana ce mai kyau. Amma haƙuri da ƙaddara daban, yar da haƙƙin marayu daban. Shari'ar da ta umurce mu da haƙuri ita ce kuma ta yanka diyya.

Abin da shari'ar Musulunci ta ce

A mazhabar Maliki, wadda alƙalanmu ke bi, kisa iri biyu ne, na ganganci da na kuskure. Hukuncin na ganganci ƙisasi ne, sai fa in masu jini sun yafe, ko kuwa sun yi sulhu bisa dukiya. Ko sun yafe ma, ba a sallamar mai kisa haka nan: a kan yi masa bulala 100, a ɗaure shi shekara guda. Wanda kuwa ya yaudari mutum ya kashe shi don dukiyarsa, watau kisan gilla, wannan ba a karɓar yafewar dangi a kansa, al'amarinsa na hukuma ne.

Kisan kuskure babu ƙisasi cikinsa, sai diyya da kaffara, kamar yadda ya zo a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Diyya raƙuma 100 ce ga masu raƙuma, dinari 1,000 ga masu zinariya, dirhami 12,000 ga masu azurfa. Da awon yanzu, dinari 1,000 zinariya ce mai nauyin kilo 4 da kwata. Shi ya sa kimarta da Naira ta ke hawa da sauka tare da kasuwar zinariya. Ba mai kisan kaɗai ke biya ba. Danginsa na wajen uba, waɗanda malamai ke kira aƙila, su ke tarawa, su biya cikin shekara 3. In ba shi da kowa, Baitulmali ya ɗauka.

Abu biyu za mu riƙe a nan. Na fari, diyya gado ce, a kan raba ta yadda a ke raba sauran dukiyar mamaci. Mata tana da tumuninta in akwai 'ya'ya, ko rubu'i in babu, uwa tana da rabonta, marayu suna da nasu. Saboda haka baffa ko wa ba shi da ikon ya miƙe cikin taron ta'aziyya ya yafe rabon yaran da ba su balaga ba don a yaba masa. Na biyu, alƙali ba ya hukunci sai da hujja: ko mai kisa ya amsa da bakinsa, ko shaidu biyu adilai, ko kuwa a sami alama mai ƙarfi, magada su yi rantsuwa 50, wadda a ke ce wa ƙasama.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Abin mamaki, Turawan Ingila sun daɗe ba su da irin wannan. A 1808 wani babban jojinsu, Lord Ellenborough, ya yanke cewa ba a kawo ƙarar neman kuɗi saboda mutuwar mutum. Watau in ka karya wa mutum ƙafa ka biya shi, in ka kashe shi ba mai binka kwabo. Da jiragen ƙasa suka yawaita, haɗari ya yi yawa, sai majalisarsu ta yi doka a 1846 ta ba iyalin mamaci ikon ƙara. Jihar Arewa ta yi tata dokar irin wannan a 1956, jihohin da aka yanka daga cikinta suka gada. Masu tsara ta ba su manta da al'adar ƙasa ba: suka rubuta cewa in mamaci Musulmi ne, iyalinsa su ne waɗanda shari'a ta ba rabo cikin diyya.

Ƙarar nan dabam ta ke da ƙarar laifi. Ta laifi gwamnati ke yin ta, galibi hukuncinta ɗauri ne ko kisa. Ta neman haƙƙi kuwa magada ke kai ta da kansu, abin da su ke nema kuɗi ne. Joji ba ya yanka wa rai kuɗi guda kamar diyya. Abin da ya kan duba shi ne: nawa mamacin ke samu, nawa ya ke kashe wa iyalinsa, shekara nawa a ke zaton da zai ƙara yana ciyad da su.

Wa ya yi kisan?

Amsar tambayan nan ita ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

In mutum ne sananne, kamar direban da ya take mai tafiya a hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, ko ta Funtuwa, to, hanya a buɗe ta ke. Musulmi su kan kai gaban alƙali, ko a tafi Babbar Kotun Jiha. Kada a tsaya ga direba kaɗai, don sau da yawa ba shi da ko akuya. Mai motar da ya ɗauke shi aiki shi ma doka ta kama shi. Tun dokar 1945 kuma aka wajabta wa ko wace mota inshora saboda mutanen da za ta yi wa lahani. Don haka lambar mota da takardar inshorarta sun fi sunan direba amfani.

In kuwa ma'aikatan gwamnati ne, kamar soja ko ɗan sanda, sai a yi hanzari. Akwai wata tsohuwar doka ta 1916 mai kare ma'aikatan gwamnati, wadda ta ce a kai ƙara cikin wata 3. Ku lura, wata 3 bai kai takaba ba, wadda ta ke wata 4 da kwana 10. Kafin mace ta fita, ƙofa ta rufe. Amma akwai wata ƙofa. Sashe na 33 na Tsarin Mulki na 1999 ya ce kowa yana da haƙƙin rayuwa, ƙa'idodin da aka yi a 2009 don irin wannan ƙara kuma sun ce daɗewa ba ta kashe ta. Bayan wannan akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da Kotun Ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, wadda ke zaune a Abuja.

Na uku shi ne mai wuya, shi ne kuwa ya fi shafar Kazage: mai kisa ya shige daji, ba a san sunansa ba, ko an sani ba mai iya kai masa sammaci. A nan gaskiya ɗaci gare ta. Tsarin Mulki ya ce tsaron jama'a shi ne aikin gwamnati na fari, amma maganan nan tana cikin babin da ba a kai ƙara a kansa. Duk da haka ba a rasa abin kamawa ba. A 2019 kotun ECOWAS ta sami Gwamnatin Nijeriya da kasa kare mutanen Agatu na Binuwai, ta umurce ta ta yi bincike. Waɗansu malamai na waɗansu mazhabobi kuma sun ce wanda aka kashe cikin taro ba a san mai kisa ba, diyyarsa tana kan Baitulmali, don kada jinin Musulmi ya tafi banza.

Waɗanda suka nema suka samu

Ran 20 ga watan Satumba, 2013, soja da jami'an tsaro na farin kaya suka buɗe wuta cikin wani kango a unguwar Apo, Abuja, inda talakawa ke kwana, yawancinsu 'yan Arewa masu tuƙa keke mai ƙafa uku. Mutum 8 suka mutu, 11 suka ji rauni. Hukuma ta ce 'yan Boko Haram ne. Ƙungiyar masu keken ba ta yi shiru ba, aka kai magana gaban Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Cikin watan Afrilu, 2014, hukumar ta yanke cewa ba a kawo hujjar zargin ba, a biya iyalin ko wane mamaci Naira miliyan 10, ko wane mai rauni miliyan 5, jimla miliyan 135. Kuɗin ba su fito ba sai 2018. Samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban.

A Kano kuma, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin wani sabon magani, Trovan. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka mutu. Kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Aka yi ta shari'a a Nijeriya da Amurka. A 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Kano bisa dala miliyan 75. Sai cikin watan Agusta, 2011, iyalai 4 na fari suka karɓi dala 175,000 ko wannensu, bayan an gwada ƙwayoyin halittarsu an tabbata su ne dangin yaran. Shekara 15 ke nan, kuma wanda bai iya tabbatad da dangantaka ba bai samu ba.

Ga kuma abin da ya auku kusa da mu. Daren 3 ga watan Disamba, 2023, jirgin soja marar matuƙi ya jefa bom kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙasar Igabi. Hukumar agajin gaggawa ta ƙidaya gawa 85. Soja suka amsa kuskure ne, shugabansu na lokacin Janar Lagbaja ya zo da kansa ya ba da haƙuri, manya suka kai gudummawa. Gudummawa alheri ce, Allah ya saka. Amma mai gudummawa shi ke yanka abin da ya ga dama. Diyya kuwa bashi ce, shari'a ke yanka ta, ko wane magaji da rabonsa sananne. Kada a sa mutum ya ɗauki wannan a madadin waccan bai sani ba.

Abin da za a yi tun ranar fari

Mu kan yi gaggawar binne gawa, haka kuwa addini ya so. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, hujjar da ba a tara ba ran nan da wuya a same ta bayan shekara. Ga abin da za mu koya wa mutane.

A rubuta sunan mamaci cikakke, da shekarunsa, da sana'arsa, da rana da wurin da abin ya faru. A rubuta sunayen waɗanda suka gani da idonsu, da waɗanda suka yi wanka suka ga raunin. In da hali a ɗauki hoto. A sanad da mai unguwa da dagaci da 'yan sanda, a nemi takardar rahoto. In an kai asibiti a karɓi takardar likita, a kuma yi rajistar mutuwar wurin Hukumar Ƙidaya. A lissafta magada duka, har da cikin da ba a haifa ba. A zaɓi mutum guda amintacce ya wakilci gida, kada kowa ya ja nasa. A nemi lauya da wuri, a yi yarjejeniyar ladansa a rubuce. Wanda ba shi da hali ya nufi hukumar gwamnati mai ba da lauya kyauta, wadda aka kafa a 1976. Sa'an nan kada kowa ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa ba, don sau da yawa 'yar takardar karɓar kuɗin jana'iza ita ce ta yafe ƙara.

Ko inda mai kisa ya shige daji, rubutun nan ba banza ba ne. Mutanen Apo da na Kano da sunaye da hujja suka samu. Ran da gwamnati za ta kafa kwamitin bincike, ko ta ware kuɗi don waɗanda aka kashe, ƙauyen da ya zo da littafi mai sunaye da ranaku da shaidu shi za a fara ji. Wanda ya zo da "mutane da yawa" sai a ba shi haƙuri. Littafin nan kuwa bai fi ƙarfin malamin makaranta da liman da dagaci ba, in sun haɗa kai.

Kuɗi ba su mai da rai, kowa ya sani. Amma su kan sa maraya makaranta, su kan hana mai takaba bara, su kan kuma sa mai mota da mai bindiga su yi hattara gobe. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya raya abin da suka bari, ya zaunad da ƙasarmu lafiya, amin.